Kwanakin da Aku Ta Daina Yi Mini Magana

Litinin, ƙarfe goma na safe, a shago

An samu ganin babbar likitar maƙogwaro. Alhamis ɗin nan, ƙarfe tara. Gwamnati ce ta bugo ta faɗa mini, wato uwar 'ya'yana, wadda ban taɓa cin zaɓe a gabanta ba. Murna ta sa na ɗaura wa wani bawan Allah fukafukan fankarsa a juye, ta rinƙa yi wa bango fifita shi yana zufa.

A bayan littafin da nake rubuta lambobin kayan gyara nake wannan rubutu. Ni mai gyaran rediyo ne da fanka. A aji biyu na sakandare muka rabu da makaranta, kuma har yau ba a tantance wanda ya kori wani ba. In an ga kuskure a yi haƙuri.

Maganar babbar 'yata ce, Aku. Ni na laƙaba mata sunan tun tana shekara biyu, don da ta buɗe ido take fara surutu, har kujeru take yi wa hira. Yanzu shekararta ashirin da shida, tana amsa waya a ofishin wani kamfanin kai kaya, wato an ɗauke ta aikin da ta daɗe tana yi mana kyauta. Wata bakwai ke nan muryarta ta fara maƙalewa. Za ta ɗauko magana lafiya, a tsakiyar kalma sai ka ji kamar an shaƙe ta, ta yi ta turo kalmar har jijiyar wuyanta ta tashi. Likitoci biyu sun leƙa sun ce maƙogwaro ƙalau. Ɗaya ya ce gajiya, ɗaya ya ce damuwa. A ofis sun ɗauke ta daga kan waya sun mai da ita ɗakin baya tana shigar da adireshi a kwamfuta.

Yau kwana goma sha ɗaya ba ta yi mini magana ba. Ba muryar ce ta hana ba, don ina jin ta tana yi wa uwarta raɗa a kicin. Ni ɗin ne dai. Akwai dalili. Ba yau zan rubuta shi ba, biron nan ba ya ci sosai.

Talata, ƙarfe huɗu na yamma

Kwana sha biyu.

Kada in yi mata sharri, tana gaishe ni. Da kai. Ta sunkuyar, ta wuce. In akwai saƙo sai in ji wayata ta yi ƙara: Baba, abincinka na kan tebur. Alhali tana tsaye a bakin teburin, ni kuma ina zaune a kansa.

Na faɗa wa Tela, maƙwabcina a shago, abin da ya ruɗa ni tun farko. Yarinyar nan in ta yi dariya, dariyar tana fita tas. In tana wanki tana waƙa, ko gargada babu. Ranar da mai ya kama wuta a kicin, ihun da ta yi sai da aka ji a ƙarshen layi. Amma ka ce ta faɗi abin da ta ci da safe, sai a shiga kokawa. Shekara talatin ina buɗe cikin rediyo, ban taɓa ganin wadda ke rera waƙa lafiya ta shaƙe a kan labarai ba. To me zan ɗauka? Na ɗauka in ta so za ta iya. Na ɗauka kunya ce ta kama ta da girma, ko wani saurayi ne ya ɓata mata rai.

Tela ya ce shi dai bai san rediyo ba, amma ya san ni. Ban tambaye shi me yake nufi ba.

Laraba, da hantsi

Kwana sha uku. Na goge takalmi na guge riga, kamar ni za a duba.

Alhamis, ƙarfe shida da rabi na safe

Gwamnati ta kafa doka: in zan bi su, ba raha, ba ba'a, ba yi wa ma'aikatan asibiti laƙabi. Na ɗaga hannu na yi alkawari.

Alhamis, ƙarfe biyar na yamma

Alkawarin ya yi minti ashirin, ya cika da imani.

Laifin ɗakin jira ne. Benci uku, mutum wajen talatin, kowa da ciwon maƙogwaro, kowa shiru. Ban taɓa samun jama'a masu saurare irin waɗannan ba, babu mai iya katse ka. Na ce wa na kusa da ni da za a kwashe mu a kai majalisa da an zauna lafiya. Ɗakin ya ɗauki wata irin dariya, wani na tari, wani na shesheƙa, wata na buga cinya ba sauti. Aku ta juyar da kai, amma ta kuɓuce mata. Dariyar nan tata, tas. Gwamnati ta taka mini ƙafa da dugadugi.

Muka shiga. Likitar 'yar siririya ce da tabarau, ba za ta girmi Aku da shekara goma ba. Ta tambaye ta yaushe abin ya fara. Na ce wata bakwai. Ta tambaye ta ko yana mata zafi. Na ce a'a. Ta cire tabarau ta ce, Baba, kai ma za a duba ka in ka yanki kati, yanzu ita nake tambaya.

Aku ta buɗe baki, sai ga magana tana fita sumul. 'Yar gargada kaɗan, irin ta mai mura. Na san wannan masifar, kullum ana yi mini ita a shago: mutum ya ɗauko rediyon da ta ƙi magana mako guda, yana ajiye ta a gabana ta kama labarai. Na ga idon Aku ya cika. Likita ta uku ke nan za ta ce lafiyarta ƙalau.

Likitar ta tambaya ko akwai inda aka naɗi muryar a ranar da ta yi tsanani. Babu, duk Aku ta goge. Likitar ta ce to a kwatanta mata yadda take yi. Aku ta kalli bango, ta yi raɗa, ba da ni take ba, da likita:

"Baba ya iya."

Likitar ta kalle ni. Gwamnati ta kalli silin.

To bari in rubuta, tunda an riga an tona. Makonni biyu da suka wuce ƙanena ya zo da iyalinsa, ana cin abinci, falo cike. Matarsa ta tambayi Aku ya aiki. Ta fara amsawa ta maƙale, ta sake ɗaukowa ta maƙale, falo ya yi tsit, kowa na kallon farantinsa. Ni shiru irin wannan ba na iya zama a cikinsa, ji nake kamar an sa ni a buhu. Sai na ƙarasa mata amsar. Da muryarta. Da shaƙewar, da jijiyar wuyan, da komai. Aka kwashe da dariya, har ƙanena ya zubar da ruwa. Ita ta tattara kwanuka ta fita.

Likitar ta ce in yi. Na ce na manta. Gwamnati ta ce ban manta ba.

Na yi. A ɗakin nan mai warin magani, a gaban 'yata, na yi, kuma Allah ya sani ban taɓa yin kwaikwayo mai kyau irinsa ba. Ba wanda ya yi dariya. Likitar ta ce ba ta yanke hukunci da kwaikwayo, amma na nuna mata inda za ta nema. Ta tura Aku ɗakin da ke kusa ta kira ta a waya, ta sa ta karanta wasu jimloli. Nan take abin ya fito da ƙahonsa. Ta sa ta yi raɗa, lafiya. Ta sa ta rera waƙa, lafiya. Ta dawo da ita ta zura mata wata siririyar roba mai fitila ta hanci, sai ga cikin maƙogwaron 'yata a allon talabijin.

Sauran gobe. Hannuna ya gaji.

Juma'a, ƙarfe tara na safe, a shago

Yana da suna. Ciwon yana da suna, mutane da yawa na da shi a duniya, kuma akwai abin da ake yi masa. Tun safe na faɗa wa Tela, na faɗa wa mai shayi, na faɗa wa wani da ya zo tambayar hanya kawai.

Likitar ta rubuta mini a takarda, na haddace a mota: sifasmodik disfoniya. Kamar sunan ɗan ƙwallon da aka sayo daga nesa.

Ga abin da na gani a allo. A maƙogwaro akwai wasu fararen tsoka biyu kamar labule biyu. In mutum na numfashi su buɗe, in zai yi magana su matso su rinƙa kaɗawa, kaɗawar ce murya. Na Aku lafiyayyu ne, ba ƙurji ba kumburi, shi ya sa likitocin farko suka sallame ta. Amma tana fara magana sai su haɗe gam, kamar an bugo ƙofa. Likitar ta ce ba su ke da laifi ba, umarni aka aiko musu. Can tsakiyar ƙwaƙwalwa akwai wani gungu da aikinsa auna ƙarfin da kowace tsoka za ta yi, ya ce wa wannan motsa, ya ce wa waccan dakata. A wajen Aku ma'aunin ne ya goce, yana turo saƙo fiye da kima.

Na miƙe tsaye na ce, likita, wato sifika lafiya, waya lafiya, daga inji ne wuta ke zuwa da yawa. Ta ce ban yi nisa da gaskiya ba. Gwamnati ta ja rigata na zauna. Amma a rubuta: likita ta ce ban yi nisa da gaskiya ba.

Sai na yi tambayar da ta daɗe tana cina, ta dariya da waƙa. Ta ce a ƙwaƙwalwa ba hanya ɗaya suke bi ba. Dariya da kuka da ihu da tasu hanyar, jariri ma da ita yake zuwa. Magana kuwa koyonta ake yi, hanyarta daban, kuma a kanta matsalar take. Ta ce ba ƙari ba ne a kai, ba ya taɓa hankali, ba ya kisa. Abin da ke jawo shi har yanzu ana bincike. Damuwa tana ƙara shi, waya tana ƙara shi, amma ba su suka kawo shi ba.

Ta kalle ni ta cikin tabarau ta ce, "Ba da gangan take yi ba, Baba. Ko sau ɗaya."

Wannan ban faɗa wa mai shayi ba.

Asabar, da rana

Maganin ne ya fi ba ni mamaki. Ba a taɓa ƙwaƙwalwar. Allura za a yi wa tsokar maƙogwaron, da ɗigon wani abu da asalinsa guba ne, ya raunana ta kaɗan. Umarnin zai ci gaba da zuwa da ƙarfinsa, amma tsokar ba ta da ƙarfin bugo ƙofa. Wato ba a gyara inji ba, an dai rage wa sifika ƙarfi. Ni in na yi wa mutum wannan gyaran sai ya ce mini maha'inci, su kuwa shekara goma suka yi a jami'a suna koyonsa.

Ba warkewa ba ce. Wata uku ko huɗu ƙarfin allurar ya ƙare, a sake. Akwai waɗanda ake yi wa tiyata, amma ta ce ba daga nan ake farawa ba.

Lahadi, ƙarfe biyar na yamma

Kwana sha bakwai. Yayata ta zo, ta ji kalmar guba ta ajiye jaka. Ta ce a gidanmu ba a taɓa zuba wa mutum guba a wuya ba sai ni da na tashi da boko rabi da rabi. Ta kawo zuma da wani gari a ƙulle. Gwamnati ma jikinta ya yi sanyi. Ana ta ja-in-ja, ni ina zana musu maƙogwaro a bayan kwali, sai wayar Gwamnati ta yi ƙara. Daga Aku, tana zaune a tsakaninmu. Kalma biyu: Zan yi.

Zumar ni na shanye.

Talata, ƙarfe ɗaya na rana

An yi! Minti biyar, ban ma gama addu'ata ba.

Da ƙyar aka bar ni na shiga, sai da na rantse zan tsaya a kusurwa kamar tsintsiya. Aka kwantar da ita, aka ɗan ɗaga haɓarta. Ta gaban wuya allurar ke shiga. Ga abin da ya kusa sa in karya rantsuwa: allurar tana da waya, wayar tana haɗe da wani akwati mai sifika. Likitar ta ce Aku ta ce iiii. Tana faɗa akwatin ya ɗauki ƙara, tatatata, kamar ruwan sama a kan kwano, kamar rediyo tsakanin tasha da tasha. Ashe tsokar ce ake ji tana aiki, da ƙarar ake gane bakin allura ya isa wurin. Da kunne suke nema, irin nawa. Na ji kamar in je in rungumi akwatin nan.

Aku ba ta motsa ba. Hannunta ɗaya na cikin na uwarta, ɗayan yana kan gado ba kowa. Na yi ta kallonsa daga kusurwata.

Laraba, da safe

Kwana ashirin. Ba canji. An ce sai kwana biyu ko uku. Na wuce ƙofar kicin sau shida ina neman abin da ban ajiye ba.

Juma'a, ƙarfe takwas na safe

Shaƙewar ta tafi. Muryar ma ta bi ta.

Abin da ya rage iska ce kawai, kamar ana sace tayar keke. Ba gargada ko ɗaya, amma sai ka kai kunne bakinta. Likita ta riga ta ce haka za a yi, mako ɗaya ko biyu, kafin tsokar ta daidaita. Ni na yi ta tsalle ina cewa magani na ci. Gwamnati ta ce an karɓi rabin murya an ba mu babu, ni kuma ina rawa.

Asabar, bayan azahar

Ta ƙware da ruwa. Ta ɗaga kofi kamar kullum, sai tari, sai hawaye, ta dafa bango. Labulen nan biyu su ne ke tare hanyar iska in ana haɗiya, yanzu kuwa sun yi laushi. Wannan ma an faɗa mana: kurɓi kaɗan-kaɗan, haɓa a ƙasa. Na sani, na haddace, amma da na ga fuskarta komai ya gudu daga kaina. Na tsaya riƙe da tawul. Ban samu abin cewa ba, kuma Gwamnati ta ce wannan ne taimako mafi girma da na yi a makon nan.

Litinin, ƙarfe shida na yamma

Na yi wata dabara, kwana biyu ina kanta a ɓoye. Tunda raɗa take yi, me zai hana a ƙara wa raɗar ƙarfi? Na ciro makirfo daga wata tsohuwar rikoda, na haɗa da ƙaramar sifika da batir, na sa a gwangwanin madara, Tela ya ɗinka mata riga da igiyar ratayawa. Har fure ya yi mata.

Da safe ana shan shayi na ajiye a gabanta na kunna. Abin ya saki wani ƙara, ƙiiii, karen maƙwabta ya amsa, Gwamnati ta watsar da shayi. Na ce saiti ne, na matsar da makirfon, ya ƙara. Aku ta kalli gwangwanin, ta kalle ni, ta miƙa hannu ta zare batir ɗin ta sa a agogon bango da ya tsaya tun watan jiya.

Agogon na aiki. Kwana ashirin da biyar.

Alhamis, da yamma

Aku ta fara zuwa wajen wata malamar murya da likita ta haɗa ta da ita. An ba ta aikin gida: ta sa bututun shan lemo a kofin ruwa ta rinƙa hurawa tana guɗa-guɗa da murya, ruwa na ɓulɓul. Wai wata bakwai tana turo magana da ƙarfi, wuya da kafaɗa sun saba da kokawa, sai an koya musu saki. Mace mai shekara ashirin da shida tana ɓulɓul a falo. Raha huɗu suka zo mini a jere, masu kyau. Na tashi na fita duba mitar wuta.

Lahadi, ƙarfe bakwai da rabi na safe

Ta dawo.

Ina aski a banɗaki, rabin fuska kumfa, na ji wata mace a kicin tana bayani. Na ɗauka baƙuwa muka yi. Tana ce wa Gwamnati ba haka ake yanka albasa ba, in an yanka ta a tsaye ta fi daɗin soyuwa, kuma wuƙar nan tun bara ta ce a wasa ta ba wanda ya ji. Doguwar jimla, da kanta da wutsiyarta, ba inda ta tsaya. Da ɗan laushi a muryar, amma ita ce. Aku ce.

Na fito a guje, takalmi ƙafa ɗaya. Gwamnati na kuka tana cewa albasa ce. Na tsaya a bakin ƙofa na ce a sake, a sake faɗin maganar wuƙar.

Ta gan ni. Ta rufe baki, ta sunkuyar da kai, ta ci gaba da yanka.

Lahadi, da rana

Kwana talatin da ɗaya. Ashe duk kwanakin nan ina ɓuya a bayan allura.

Litinin, ƙarfe shida na yamma

An mai da ita kan waya a ofis. Ta dawo tana ba uwarta labari, ta kira ƙannenta a makaranta, ta kira yayata ta ce mata gubar ta karɓe ta. Har mai kawo ruwa ya samu hira. Ina falo ina jin komai kamar mai satar tasha. Daɗi nake ji, wallahi daɗi nake ji. Na ƙara wa kaina shinkafa ban iya ci ba.

Talata, da hantsi

Gwamnati ta tare ni a ƙofa ta tambaye ni ko na ba yarinyar haƙuri. Na ce na raka ta asibiti sau biyu. Ta ce ba shi ta tambaya ba. Na ce na haɗa mata na'ura da hannuna. Ta ce karen maƙwabta ya shaida. Na ce ai ta san halina, wasa nake. Ta ce shekara ashirin da takwas tana zaune da ni, duk laifin da na yi mata da dariya na biya, ita kuma ta karɓa don tana da arha. Ta ce 'yarta ba ta karɓar wannan.

Laraba, ƙarfe uku, a shago

Mun yi gwaji da Tela. Ya yafa wani yadi ya zauna a kan kujerar kwastoma, shi ne Aku. Na fara lafiya: 'yata, abin da na yi ranar nan. Sai na ga gemunsa a ƙarƙashin yadi mai furanni, na ce ban san 'yata ta fara aski ba. Muka sake. Na kai har na yi kuskure, sai bakina da kansa ya ƙara da cewa amma dai kin san kwaikwayon ya yi kyau, likita ma ta yaba. Sau biyar muna yi.

Ya cire yadin ya ninke. Ya tambaye ni ko na taɓa gama magana ban tsaya jiran a yi dariya ba. Na yi tunani sosai. Na ce ranar da aka cire mini haƙori.

Bai yi dariya ba. Ya koma kan kekensa.

Alhamis, ƙarfe bakwai da kwata na safe

Na yi. Tana ɗaura takalmi a bakin ƙofa za ta fita. Na kira ta da sunanta na gaskiya, wanda na manta rabon da in faɗe shi. Na ce abin da na yi a gaban baƙi ban kyauta ba, kuma wata bakwai ina zaton da gangan take, wannan ma ban kyauta ba. Na ce ta yafe mini. Daga nan shirun nan ya sauko, wanda ba na iya zama a cikinsa. Na zauna. Na cije harshe har na ji gishiri.

Ta daɗe tana kallon igiyar takalmin. Ta gyaɗa kai, ta fita.

Juma'a

Ba komai. Fanka biyu, rediyo ɗaya.

Asabar, ƙarfe biyar na yamma, a shago

Wajen ƙarfe biyu ina kan wata rediyo, ƙarfen narka dalma a hannuna, na ga inuwa a ƙofa. Na ce a ajiye a dawo Litinin. Aka ce, "Sannu da aiki, Baba."

Na ajiye ƙarfen, ban duba inda na ajiye shi ba. Keken Tela ya tsaya cak, ɗan gulma.

Ta share ƙura a kujerar kwastoma ta zauna, jaka a cinya. Ta ce ta zo ne yanzu da muryar ke da kyau don kada in ce ban ji ba.

"Wannan ta aro ce, Baba. Wata uku. Waccan za ta dawo kafin a sake allura, kuma da ita zan yi maka magana. Ba zan koma raɗa ba, ba zan koma rubutu ba. In na maƙale, kada ka ƙarasa mini. Kada ka sa a yi dariya don a wuce wurin. Ka jira ni."

Na ce zan jira.

"Na san tsoro ne ya sa ka. Ni ma tsoron nake ji ranar. Amma ni ba wanda ya tafa mini."

Na gyara zama. Ita kuwa ta ɗauko daga farko. Ranar da ta fara maƙalewa a waya wani ya ce a ba shi mai lafiya. Yadda take shiga banɗakin ofis tana gwada faɗin sunan kamfani sau ashirin. Yadda ta daina shiga motar haya in ba ta ga wanda zai sauka a layinmu ba, don kada ta ce a tsaya. Duk ban sani ba. Ina gida ɗaya da ita, ina ba mutane dariya a titi, ban sani ba.

Ta fi awa tana yi. Can na ji ƙauri. Na saci kallo, ashe a kan murfin rediyon mutane na ɗora ƙarfen, ya nutse cikin roba, hayaƙi na tashi siriri. Hannuna ya fara tafiya, na dawo da shi, don tana tsakiyar jimla.

Ta tsaya ta shinshina. Ta ce, "Baba, wani abu na ƙonewa."

Na ce na sani, ci gaba.